Makon da na sauya wa kwamfutocin shagona injin bincike

A 2009 ina da shagon intanet a Kabuga, kwamfuta takwas, kuma yawancin masu shigowa ɗaliban Jami'ar Bayero ne da masu duba sakamakon JAMB da WAEC. A watan Yunin shekarar ne Microsoft ya fito da Bing. Injin bincikensu ne na da, wanda aka sani da MSN Search, daga baya Live Search, suka gyara shi suka raɗa masa sabon suna. Ni dai ya burge ni, musamman hoton nan mai kyau da ake sauyawa kullum a shafin farko. Wani dare bayan na sallami kowa, na bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya na mai da shi shafin da ke fara buɗewa.

Washegari na zauna a teburina ina lura. Saurayin da ya fara zama ya dubi allon, ya rubuta "google" a cikin akwatin Bing, ya danna, ya wuce inda ya saba. Na ce ƙila shi kaɗai ne. Kafin azahar na ga kusan duk ɗaliban haka suke yi. Wata ma ta ɗago kai ta ce, "Malam, wannan ta lalace ne? Ba ta nuna Google." Na yi mata bayani, ta saurara cikin ladabi, sannan ta ce in mayar mata da wanda ta sani, lokacinta na tafiya. Gaskiyarta kuwa. Awa ɗaya ta biya, ba za ta ƙarar da ita wajen koyon sabon wuri ba.

Waɗanda suka tsaya a kan Bing su ne suka fi ba ni abin tunani. Akwai wani dattijo, malamin firamare, da ke zuwa neman darussa. Ya yi mako guda yana aiki da shi bai san an sauya komai ba. Akwatin da ya tarar a gabansa, nan yake rubutu. Sunan bai janyo shi ba, bai kuma kore shi ba. Da ma mun ga irin haka a layin waya: Econet ya koma Vmobile, ya koma Celtel, ya koma Zain, ya zama Airtel a 2010, kuma ban san wanda ya sayi layi ko ya jefar saboda suna ba. Sabis mutane ke tambaya, da kuɗin kira.

Bayan mako biyu na mayar da komai yadda yake.

Da wayoyin Android suka cika kasuwar waya ta Farm Centre, sai kowa ya zama kamar dattijon nan: ka kunna sabuwar waya, akwatin Google na jiranka. Shi ya sa ban yi mamaki ba da shari'ar da aka yi a Amurka ta bayyana cewa Google ya biya Apple dala biliyan 20 a 2022 don ya zama injin da ke kan Safari, manhajar shiga intanet ta Apple, tun daga kwali. A Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukuncin cewa Google ya yi kaka-gida a harkar bincike ta hanyar da ta saɓa wa doka.

Sau ɗaya na ga yara sun nemi Bing da bakinsu, a 2023, lokacin da aka haɗa shi da manhajar da za ka tambaya ta ba ka amsa kamar mutum. Ba wanda ya tallata musu, aboki ne ya nuna wa aboki. Yanzu shagon ya koma na buga takardu da cike fom, kwamfuta uku suka rage. Na bar kowacce da injin bincike daban, ina gwada su da kalmomin Hausa masu ƙ da ɗ da ɓ, in ga wanne zai fara gane cewa "kafa" da "ƙafa" ba abu ɗaya ba ne.