Jan ɗigon Yaya da adakar Kawu

Yau Asabar, tun da aka idar da sallar asuba muna gona muna kaɗe riɗi, buhu biyu da 'yan kwanoni muka samu, ba laifi. Na dawo jiki duk ƙaiƙayi, na kai waya wurin mai caji na ɗan kishingiɗa. Ba don kiran Yaya ba da yau babu abin rubutawa.

Bayan la'asar ya kira, bidiyo ta WhatsApp. A garinmu in bidiyo kake so sai ka je gindin darbejiyar bakin firamare, nan kaɗai sabis ke tsayawa, can na tarar da Kawu kan buzunsa yana gyaran wani tsohon tarko. Su a Houston ta Amurka lokacin hantsi ne, awa shida muka riga su. Yaya na wani fili mai tudun ƙasa, ya sa abin toshe kunne irin na ma'aikatan rediyo, wai sabuwar ƙaramar bindigarsa ta gasa ya zo yi wa saiti. Da ya hango Kawu sai ya cire abin kunnen ya gaishe shi, Kawu kun wuni lafiya, ya ƙarfin jiki, daga nan kuma hirar ta fi ƙarfina, na koma mai riƙe waya kawai.

Ya ce wata biyu yana kai-kawo tsakanin Glock ta Ostiriya mai jikin roba wadda ba ta kai kilo guda ba, da CZ Shadow 2 ta ƙasar Cek, ita ƙarfe ce zalla kusan kilo 1.3, duka harsashi ɗaya suke ci, mai milimita 9. Mai nauyin ya ɗauka. Ni da shisshigi na ce Yaya mutumin da zai yi ta gudu da abu ai mara nauyi zai nema. Kawu ko ɗago kai bai yi ba ya ce kai yaro, mara nauyi ita ke zillo, in ta tashi sai ta ɗaga baki sama kamar jaki ya ga kura. Yaya ya ce wallahi dalilin kenan, harbi na biyu ya fi saurin komawa inda na farko ya shiga.

Sai ya nuno mana wani ɗan gilashi da aka ɗaura a bayanta, faɗinsa kamar farcen babban yatsa, da jan ɗigo a ciki wanda ake ɗorawa kan abin da za a harba. Ni duk zatona irin hasken nan ne na fim da ke sauka a ƙirjin mutum, ashe ba haka ba ne, ɗan ƙwan fitila ne ke haska gilashin ta ciki ya dawo idon mai harbi, na gefe ba ya ganin komai. Wai har ɗigon ma girma-girma ne, da wani awo da suke kira MOA ake auna shi, akwai mai 3 akwai mai 6, mai 6 ɗin a nisan yadi 25 yana rufe kusan santimita 4 na allo, mai 3 rabin haka. Shi babban ya zaɓa don ido ya fi saurin cafke shi. Abin dariya, ranar farko ya ga ɗigon ya baje kamar tauraro mai wutsiya har ya so mayar musu da kayansu, wani ya ce ya ɗauki hotonsa da waya, hoto ya fito ɗigo ras, ashe idon Yaya ne ke son tabarau. Tun muna yara nake faɗa ba a yarda ba.

Ya daɗe yana ƙorafi kan 'yan sukurorin da ke riƙe gilashin, wai jijjiga na kwance su, sai an ɗiga musu wani gam an ɗaure daidai awo, in ka matse da yawa su karye. Wannan dai kowane mai gyaran babur ya sani.

Inda Kawu ya ajiye tarkon shi ne wurin saiti. Yaya ya ɗora hannu kan buhun yashi ya saki biyar a hankali, duk suka taru wuri guda amma ƙasa da tsakiya kuma ta hagu, ya ɗauko ɗan sukundireba ya murɗa wani abu a sama ƙas ƙas ƙas, ya murɗa na gefe, ya sake biyar sai ga su a tsakiya. Kawu ya ce ikon Allah. Wai adakarsa tun da maƙeri ya ƙera ta hagu take ci, shekara da shekaru in zai harbi zabon daji sai ya kauce dama kamar faɗin tafin hannu, bai taɓa tunanin a gyara ta ba, shi ya gyara kansa. Can ya ce to in batirin ya mutu fa? Yaya ya ce ɗan falalen nan ne CR2032, yana canzawa duk shekara, kuma ya bar saitin ƙarfen yana leƙowa ta ƙasan gilashin don irin wannan rana. Sai a nan Kawu ya gyaɗa kai.

Damuwar Yaya ɗaya ce, in ya zaro da sauri ɗigon ɓacewa yake, sai ya yi ta karkaɗa hannu yana nemansa lokaci na tafiya, su kuma a gasarsu ta USPSA, wata ƙungiyar gasar harbi ta Amurka, maki ake rabawa da daƙiƙoƙin da ka ɓata. Kawu ya ce maimaita in gani. Ya maimaita da bindigar ba harsashi. Kawu ya ce ɗan nan gilashi kake kallo, wa ya taɓa kama zomo yana kallon bakin bindiga, buɗe ido biyu ka kafe abin da kake nufi, hannu ne zai zo ya sami ido. Yaya ya yi dariya har waya na rawa, wai abin da kocin da yake biya da dala ke ta nanata masa kenan, har selotef ya sa shi ya manna a gaban gilashin don dole ya koma kallon allo.

Don kar a ce ban ce komai ba na kawo zancen Yusuf Dikeç, Baturken nan da ya ci azurfa a Paris a 2024 hannu ɗaya a aljihu. Yaya ya ce wancan daban ne, bindigar iska ce, mita 10, a tsaye cak, kuma ba a yarda da jan ɗigo ba sam.

Gaskiya ƙarar harbin da ke fita daga wayar ta sa na rage murya, har wani mai amalanke ya tsaya yana waige. Nan bindiga ba abin wasa ba ce, da irin labaran da muke ji daga Zamfara da Katsina, kuma a doka ma irin ta Yaya sai da izinin shugaban ƙasa, ta Kawu ce dai kwamishinan 'yan sanda ke ba wa lasisi. Inna ba ta san da wannan gasa ba, ni kuma ba daga bakina ba.

Ana kiran magariba data ta ƙare ɗif, ko sallama ba a yi ba. A hanya Kawu ya ce in gaya wa Yaya ba ya son gilashi, abin kunnen nan zai aiko masa da shi, na hagu ya riga ya tafi, a ceci na dama. Gobe in Allah ya kai mu akwai sauran riɗin gonar gabas, ga tamfol ɗin ya yage.