Kafin in yi wa laftof fomat

Shekara tara ke nan ina gyaran kwamfuta a ɗan shagona da ke wajen titin Beirut a Kano, ni da yara biyu, kuma aikin da ya fi shigo mana shi ne fomat, wato a goge duk abin da ke cikin kwamfuta a sa mata sabon Windows. Mutum zai shigo da laftof a hammata ya dire a kan tebur ya ce "Malam ta yi nauyi, a wanke min ita kawai". Wani ma bai san me ake gogewa ba, abokinsa ne ya ce masa fomat ne maganinta.

Sa Windows ɗin kansa ba wani aiki ba ne, yaron da ya yi wata biyu a hannuna zai iya. Filas mai giga 8, ka zuba masa Windows da wata manhaja mai suna Rufus, ka soka ka kunna kana danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce, ka zaɓi filas ɗin, in SSD ce a ciki, wato sabuwar ma'ajiyar nan mai sauri, kafin rabin awa an gama. Inda aikin yake shi ne abin da ake yi kafin a soka filas, kuma ni sai da na jawo wa wata baiwar Allah asara sannan na gane haka.

Ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a jami'a, ta kawo laftof ɗinta tana maƙalewa, na tambaye ta akwai abin da kike buƙata a ciki, ta ce babu komai. Ban ƙara tambaya ba na goge ma'ajiyar gaba ɗaya na sa sabo. Washegari sai ga ta da sassafe, "Malam ina furojet ɗina, a kan fuskar kwamfutar na ajiye shi". Ashe a fahimtarta abin da ke kan Desktop ba a ciki yake ba, a waje yake. Babi huɗu ta rubuta. Kwana biyu ina gwada manhajojin dawo da fayil ban samu ko layi ɗaya ba, don ita SSD ba kamar tsohuwar ma'ajiya mai juyawa ba ce, da zarar an goge abu takan share gurbinsa da kanta, balle kuma an ɗora sabon Windows a kai. Allah ya taimaka babi uku na nan a takarda da ta kai wa malaminta, muka zauna da yarana muka sake buga mata su, na huɗun kuwa daga farko ta sake shi. Har yau in na tuna yadda ta tsaya a bakin shago ta kasa magana sai in ji ba daɗi, laifina ne, ni ne na san abin da fomat ke yi ba ita ba.

Tun daga ranar na kafa doka a shago, ba a goge kwamfutar kowa sai mai ita ya zauna mun buɗe Desktop da Documents da Downloads da wajen hotuna tare, mu kwashe a wata ma'ajiyar ya gani da idonsa. In kuma ba ta tashi kwata-kwata sai mu cire ma'ajiyar mu jona a wata kwamfutar, a nan ne BitLocker, makullin da Windows ke kulle ma'ajiya da shi, ke ba mu wahala, sababbin laftof da yawa suna kulle kansu ba tare da mai su ya sani ba, sai ta nemi wata lamba mai alƙaluma 48 da ke ajiye a asusunsa na Microsoft, shi kuma asusun wani ne ya buɗe masa ranar da ya saya, ko fasawod ɗin bai riƙe ba. In babu lambar nan babu mai buɗe ta, duk wanda ya ce zai iya kuɗinka kawai zai ci.

Sau da yawa ma ba a buƙatar filas. A cikin Settings akwai Reset this PC, za ta tambaye ka ko a bar maka fayilolinka ko a share komai ta dawo kamar sabuwa. HP kuma tana da F11 tun daga kunnawa, mai kai ka ɓangaren da ke mayar da ita yadda ta zo daga kamfani, sai dai yawancin 'yan gwanjon da ke zuwa mana an riga an goge wannan ɓangaren tun kafin su iso. Abu ɗaya da nake roƙon masu yi a gida, kada ka fara da mataccen batir kana dogaro da wutar NEPA, in aka ɗauke a tsakiya kwamfutar na iya ƙin tashi sam. Mu a kan inbata muke yi.

Maganar lasisi kuma, tun daga Windows 8 yawancin laftof na kamfani suna zuwa da mabuɗinsu a jikin bod, wato babban allon da ke cikin kwamfutar, in ka mayar da irin wanda ta zo da shi, Home ko Pro, da ta hau intanet za ta kunna kanta. To me ya sa za a sa wa mutum na sata a kuma caje shi? Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, shi kuma 11 yana son TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke cikin kwamfutar, da furosesan Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama, alhali kasuwarmu cike take da na 6 da na 7. Ana iya tsallake sharaɗin da Rufus, ina yi in mutum ya nace, amma sai na faɗa masa gaskiyar lamarin tukunna. Haka wanda ke da RAM giga 4 da tsohuwar ma'ajiya, ko sau goma aka yi mata fomat nauyin zai dawo, SSD take so, gara ya tara kuɗin nan ya saya.

Satin da ya wuce wani Alhaji daga Kantin Kwari ya zo yana sauri, ya ce "kai dai goge, ba abin da ke ciki sai tarkacen yara". Na ce Alhaji a yi haƙuri a ba ni minti biyar. Muna buɗe Downloads sai ga fayil ɗin Excel na sunayen duk waɗanda yake bi bashin atamfa da shadda, ɗansa ne ke shigar masa, kuma ba shi da kwafi a ko'ina. Ya yi shiru, ya gyara zama a kan bencin, ya ciro waya ya kira yaron ya tambaye shi ko akwai wani abin kuma da ya ajiye a ciki.