Godiyar iyalan Baba Tsoho ga duk wanda ya tsaya mana

Assalamu alaikum warahmatullah.

Yau kwana tara da rasuwar kakanmu, Baba Tsoho, sai yanzu na samu natsuwar zama in rubuta wannan a madadin mahaifina da ƙannensa da mu jikoki. Allah ya karɓi abinsa ranar Talata bayan sallar asuba, aka yi masa sutura da hantsi a nan Tudun Wadan Zariya. Ya tafi yana gab da cika shekara 100.

Kwanansa 16 a asibiti. Ba zan ce komai ya tafi daidai a can ba, don akwai daren da muka yi ta zarya neman wanda zai canza masa ƙarin ruwa har aka kira assalatu, amma wannan mun bar wa Allah. Wadda ba za mu manta ba ita ce wata matashiyar likita da ke durƙusawa ta gaishe shi kafin ta taɓa shi, tana ce masa "Baba, sannu da jiki, amaryarka ce." Ita kaɗai ke sa shi murmushi. Allah ya yi mata albarka. Haka maƙwabcinmu mai Keke Napep da ya yi ta kai mu da dawo da mu ya ƙi karɓar ko sisi, da samarin unguwa uku da suka ba da jini, da waɗanda suka haƙa kabari ƙasa ta yi tauri kamar dutse, da malam liman, da iyayenmu mata da suka kwana uku a bakin murhu, da abokan arziki da suka taso daga Wusasa da Sabon Gari, Musulmi da Kirista. Mun gode, mun gode.

Akwai kuma mutum biyu da godiyarsu ta daban ce, don sun kawo mana abin da muka yi shekaru muna roƙon Baba ya ba mu ya hana.

Duk unguwa an san ya je yaƙin Bama, iyakar abin da aka sani ke nan. Muna yara mun ɗauka Bamar Borno ce, har muna mamakin abin da ya sa ake ta zuzuta tafiyar da mota ke yi a yini guda. In ka matsa masa da tambaya sai ya ce, "An je, an dawo." In ka ƙara matsawa ya ce, "Kai yaro, baki shi ke yanka wuya," ya jawo rediyonsa. Sai dai halayensa sun sha tona masa asiri. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. In ya dawo masallaci ya dubi ƙasar zaure, sai ya faɗa maka wanda ya shigo bayan fitarsa, da ko ya ɗauko kaya mai nauyi, kuma ba ya kuskure. Mu jikoki mun sha kashi a kan haka, don ba ka isa ka saci fita ba.

A rana ta biyu ta zaman makoki wani dattijo ya sauka daga Funtuwa. Babu wanda ya san shi a cikinmu. Ya ce mahaifinsa marigayi da Baba rukunin soja ɗaya suka yi a Bama, kuma nasa uban mai surutu ne, ba irin namu ba. Da yamma mahaifina ya sa aka buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadon Baba. A ciki akwai lambar yabo mai siffar tauraro, da ɗan littafin sallama daga soja wanda gefensa duk ya cinye, da wani tsohon carbi baƙi. Wani malamin tarihi mai ritaya da ke bayan layinmu ya sa tabarau ya karanta littafin, ya ɗago ya ce, "Alhaji, ashe mahaifinku Chindit ne."

Kullum muna wuce Barikin Chindit a nan Zariya, ban taɓa tambayar daga ina sunan ya fito ba, kuma na ji kunyar kaina a ranar. Malam ya warware mana. Sunan daga wata dabba ce mai kama da zaki da ake sassaƙawa a ƙofar wuraren ibadar mutanen Bama, ƙasar da yau ake kira Myanmar. Runduna ce ta musamman a ƙarƙashin wani janar na Ingila, Orde Wingate, aikinta a shiga can bayan sojojin Japan a ɓoye a datse musu hanyar abinci da makamai. An fara saukar da ita cikin daji ranar 5 ga Maris 1944, da jiragen da ba su da inji, waɗanda ake ja da igiya. Bataliya uku ta sojan Nijeriya na ciki, ta 6 da ta 7 da ta 12, kuma littafin ya nuna Baba a ta 12 yake. Wingate kansa bai ga ƙarshen aikin ba, jirginsa ya faɗi ranar 24 ga wannan watan. Su Baba aka kai su tsare wani sansani a kan layin dogon da ya tashi daga Mandalay zuwa Myitkyina, wanda Turawa suka sa wa suna White City saboda fararen laimomin saukowa da ake jefo musu abinci da su daga sama sun rufe itatuwa. Japan sun yi ta kawo masa hari dare bayan dare cikin Afrilu.

Daga nan baƙonmu na Funtuwa ya karɓa. Ya ce Baba a sashen leƙen asiri na bataliya yake. Su fita su uku ko huɗu, da hafsan Bature mai jin Hausa, don Hausa ce harshen bariki a lokacin, da wani ɗan ƙabilar Kachin da ya san dajin. Ba a hura wuta, ba a tari. Har alfadaran rundunar an yi musu aiki a maƙogwaro don kada su yi kuka su tona wuri. Su kwanta cikin gora yini guda, matsattsaku na shan jininsu ba damar motsi, suna ƙirga wanda ya wuce. In sun tarar da sansanin da aka tashi, Baba ya tura hannu cikin toka ya ji ɗuminta, ya dubi kashin dabbobi da sawun takalma, ya ce mutum kaza ne, sun tashi tun lokaci kaza. Bai yi boko ba, ba ya rubutu a takarda. Da carbin nan yake ƙirga, ƙwaya ɗaya mutum ɗaya, ya riƙe wurin da yatsa har ya komo ya ba da rahoto. Aka fito da su cikin Agusta, damina ta jiƙa su, zazzaɓi ya rage su saura ƙashi da fata.

Mahaifina, mai shekara 71, ya ɗauki carbin yana juyawa, ya kasa cewa komai. Ni da nake yanke wa Baba farce duk Juma'a, na riƙe wannan hannun ya fi sau ɗari.

Baba na Funtuwa, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifinka, ya bar zumunci. Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. 'Yan mazan jiya da suka zo da kakinsu suka sara wa gawarsa kafin a ɗauka, mun ga karamcinku. Waɗanda suka kira waya ban ɗaga ba, da masu saƙo a Facebook da WhatsApp da ban amsa ba, ku gafarce ni, kan ne ya yi zafi.

Mahaifina ya ce in sanar: duk mai bin Baba bashi, komai ƙanƙantarsa, ya zo gida ya same shi bayan la'asar, kada ya ji nauyi. Wanda Baba ya saɓa wa kuma, muna roƙa masa gafara. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya kyautata namu ƙarshen. Sannan akwai kulolin abinci biyu, ja da shuɗiya, da tabarmi huɗu da suka rage a zaure, masu su su aiko yaro ya ɗauka.