Mutanen da nake ƙirƙira a cikin ciyawa

Wata uku ke nan ina rubuta labarin wata al'umma ta ƙage da ke zaune a shimfiɗaɗɗen filin ciyawa, alhali ni ina ɗaki ɗaya a Agege, inda ko taga na buɗe sai katangar maƙwabci nake gani. Da farko na ba su sarakuna da takubba da waƙoƙin yaƙi, amma duk sanda na sake karantawa sai in ji ba su da rai.

Ranar Asabar na je mayankar Oko-Oba, na zauna da wani dattijo da ya yi kiwo kafin ya koma fataucin shanu. Na karanta masa shafi biyu, ya yi shiru yana murza carbinsa, sannan ya ce: "Ɗana, ina suke shayar da dabbobinsu da rani?" Ban da amsa. Shi ya bayyana mini yadda makiyaya ke gangarawa kudu neman ruwa da rani, su koma arewa da damina saboda ƙudan tsando.

Daren nan na rushe rabin aikin, kuma ban yi nadama ba. Yanzu mutanena rijiya suke gada a wurin iyayensu; tunda itace ya yi musu ƙaranci, da zanan gamba suke ɗaki, kuma babban laifi a dokarsu shi ne cinna wa ciyawa wuta kafin lokacinta. Hukuncin mai wannan laifi nake rubutawa tun jiya.