Ƙwai a Baka ko Kaza a Akurki: Lissafin Albashi a Kamfanonin Manhajar Asibiti na Amurka

Mai rubuta manhaja a Amurka da ya samu takardun ɗaukar aiki guda biyu, ɗaya daga kamfanin da ke yi wa asibitoci kundin bayanan marasa lafiya, ɗaya daga babban kamfanin intanet, yakan tarar ta farkon ta fi ƙarancin kuɗi. Abin da ake lallashinsa da shi kullum ɗaya ne: a nan ba a korar mutane barkatai. Maganar tana da tushe, sai dai ba kyauta ake ba da tabbacin nan ba, kuma mutane kaɗan ne ke zama da biro su ga nawa suke biya.

Tushen tabbacin yana cikin yadda asibiti ke sayen manhaja. Asibitin da ya ɗora komai a kan manhajar kamfanin Epic ko ta Meditech, tun daga rajistar mara lafiya har takardar magani, sakamakon gwaji da lissafin kuɗi, ba ya tashi rana ɗaya ya ce ya sauya. Kaiser Permanente, wata babbar cibiyar asibitoci a Amurka, ta ƙulla da Epic a 2003, ba ta gama kafa tsarin ba sai 2010, kuma ya ci wajen dala biliyan 4. Wanda ya zuba irin wannan dukiya zai ci gaba da biyan kuɗin kulawa shekara da shekaru, ko tattalin arziki ya yi kyau ko ya taɓarɓare. Dokar HITECH ta 2009 kuma ta tura asibitoci barin takarda, ta hanyar ba su tallafi sannan daga baya ta rage wa masu jan ƙafa kuɗi. Shi ya sa lokacin da Meta, mai Facebook, ta sallami mutum 11,000 a Nuwambar 2022, Google ta bi da 12,000 a Janairun 2023, masu aiki a wannan fanni suka ji kamar suna cikin inuwa.

Inuwar dai ba ta rufe kowa ba. Epic, da Judy Faulkner ta kafa a 1979 a jihar Wisconsin, har yau ba ta shiga kasuwar hannun jari ba, ba kuma wanda ya saye ta. Cerner kuwa, wadda ita ma manhajar asibiti take yi, Oracle ta saye ta a 2022 a kan sama da dala biliyan 28, aka kuma rage ma'aikata bayan cinikin. Don haka tambayar farko ita ce wa ke riƙe da kamfanin, kuma akwai alamar zai sayar? Fannin lafiya kaɗai ba ya tsare kujerar kowa.

Sai lissafi. A ce, don misali kawai, kamfanin asibiti ya sa dala 85,000 a shekara, ɗayan ya sa 120,000. Tazarar 35,000 ce, a shekara huɗu ta zama 140,000 kafin haraji. A ce kuma an yi rashin sa'a, wancan mai kuɗin ya sallame ka sau ɗaya cikin shekarun, ka zauna wata shida ba aiki. Asararka 60,000 ce, ka ɗora kuɗin inshorar lafiya da za ka biya da kanka a ƙarƙashin COBRA, wadda ke ba ka damar riƙe inshorar tsohon wurin aikinka har wata 18 amma dukan kuɗin a wuyanka. Duk da haka kana gaba da dubun dubatar daloli. Kada a manta ƙarin albashin shekara kaso ne na abin da kake karɓa, haka ma gudummawar kamfani a asusun fansho na 401(k). Kashi 3 na 85,000 dala 2,550 ne, na 120,000 kuma 3,600, tazarar na buɗewa kowace shekara ba tare da kowa ya yi maka komai ba.

Akwai mutanen da wannan lissafin bai ishe su ba. Wanda ke kan bizar aiki ta H-1B, idan aka sallame shi kwana 60 ne iyakar abin da yake da shi ya samo wani kamfanin da zai ɗauki nauyin takardunsa, in ba haka ba sai haɗa kaya. Idan kuma ana tsakiyar nema masa katin zama na dindindin, sauya kamfani na iya mayar da shi baya. Haka mai iyali da ke da yaro ko mata a kan magani mai tsada. Ga irin waɗannan, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, kuma ba tsoro ba ne, hankali ne.

Inda aka fi cin mutane shi ne wurin da ba a rubuta a takardar ɗaukar aiki: me za ka fita da shi a kai? Gindin Epic yana kan MUMPS, yaren kwamfuta da aka ƙirƙira a asibitin Massachusetts General a shekarun 1960. Meditech, da Neil Pappalardo ya kafa a 1969, ta daɗe tana aiki da yarukan da ta ƙera wa kanta, irin su MAGIC. Yaruka ne masu aiki, asibitoci na rayuwa a kansu, amma ka shekara takwas ba ka taɓa komai ba sai su, ranar da ka fita neman aiki za ka ga tallan da ke ambatonsu bai taka kara ya karya ba. A nan ne tabbacin ke komawa turke: ba a kore ka ba, kai ma ba ka da inda za ka je, kuma mai biyanka ya san da haka lokacin maganar ƙarin albashi.

Maganinsa a tambaya tun a zaman tantancewa: wace ƙungiya za a sa ni, da wane kayan aiki? Wanda ke haɗa tsarin asibiti da ɗakin gwaji ko kantin magani yana koyon HL7 da FHIR, wato ƙa'idojin musayar bayanan lafiya tsakanin manhajoji, wanda ke fitar da rahoto yana koyon SQL, yaren zaƙulo bayanai daga kundi, dukansu kuma suna sanin ƙa'idojin sirrin mara lafiya na dokar HIPAA. Waɗannan ana saye a ko'ina cikin fannin, a asibitoci, kamfanonin inshora da masu ba da shawara. A nemi ganin sharaɗin hana aiki da abokan hamayya kafin sa hannu, a karanta tsawon watanninsa da jerin wuraren da ya haramta, domin wani lokaci har asibitocin da ke amfani da manhajar suna ciki, wato daidai inda gwanintarka ta fi tsada. Ƙarfin sharaɗin ya danganta da jiha, Kalifoniya ba ta amincewa da shi, wasu jihohin suna yi.

A tambayi maganar jiran kira kuma, wato zama cikin shiri bayan an tashi aiki ko za a neme ka. Asibiti ba ya rufewa, kuma ranar da ake kunna sabon tsari yawanci ana farawa ne cikin dare a ƙarshen mako, lokacin da marasa lafiya suka yi ƙaranci. Idan albashinka dunƙule ne, ba kuɗin ƙarin lokaci, to raba shi da sa'o'in da za ka yi da gaske. Dala 85,000 a kan awa 40 a mako ta kai kusan 41 a awa, a kan awa 50 kuwa ta sauko ƙasa da 33.