Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Lokacin da Cikin 'Yata Ya Kumbura

Assalamu alaikum 'yan uwa. A makon jiya mun tsaya a inda na haihu a wata bakwai, aka wuce da yarinyar ɗakin kwalba ban ko ga fuskarta da kyau ba. Nauyinta kilo 1 da giram 300. Watan Afrilu ne, kuma wanda ya san Garwa ta ƙasar Kamaru a bazara ya san ko iskar da ke tasowa daga Binuwai zafi take kawowa. Amma ita 'yata ɗumi ake nema mata, don jikin bakwaini ba ya riƙe zafinsa.

Kwanakin farko sai hamdala. An zura mata siririyar roba ta hanci har ciki, ana ɗura mata nono da sirinji kaɗan-kaɗan, domin ba ta kai ta haɗa tsotso da haɗiya da numfashi ba. Nonona bai kawo da wuri ba. Ɗan dakashin da na samu na tatsa, mai kauri, rawaya, surukata ta ce a zubar, haka aka yi musu a zamaninsu. Nas ɗin, wata Bafillatana mai jin Hausa, ta tare kofin da hannu biyu ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, duk ɗakin nan babu maganin da ya kai wannan." Abin da bai isa ba aka riƙa cikewa da madarar gwangwani. Aka yi suna a gida ba ita ba ni, aka aiko mana da soyayyen nama.

A mako na biyu, daidai lokacin da hankalinmu ya fara kwanciya, abin ya juya. Na zo da asuba na tarar ba ta motsin da ta saba, ta yi laƙwas. Cikinta ya tasa, ya yi tauri, fatar tana sheƙi har jijiyoyi sun fito. Nas ta ja sirinji daga robar hancin, sai ga nonon da aka ba ta bai narke ba, ya haɗu da wani ruwa kore kamar miyar kuka. Da ta kwance mata ƙunzugu, akwai ɗigon jini a kashinta. Ba ta ce min komai ba, ta ɗauko awon tela ta zagaya cikin, ta yi alama da biro a fatar, ta fita da sauri. Wannan saurin nata shi ya tsinka min zuciya.

Bayan an ɗauki hoton cikin, likita ya kira mu ni da maigidana. Da Faransanci ya yi bayani, nas tana fassarawa. A takarda ya rubuta ECUN, masu Ingilishi kuma NEC suke ce mata: ciwon ruɓewar hanjin jarirai. Hanjin bakwaini bai ƙosa ba, bangonsa siriri ne, jini ma ba ya isarsa yadda ya kamata. Sai ƙwayoyin cuta su kutsa cikin bangon, ya kumbura, wani ɓangare ya fara mutuwa. Ya ɗaga hoton ya nuna mana ƙananan kumfar iska a jikin hanjin. Idan ya ci gaba hanjin zai iya hujewa, ƙazanta ta malale a ciki, daga nan sai tiyata.

Maigidana ya ce, "Likita, mu muka jawo?" Ya ce a'a. Cikin jarirai 10 da ke kamuwa, kusan 9 bakwaini ne, kuma cikin 100 na waɗanda ba su kai kilo 1 da rabi ba, 5 zuwa 10 na kamuwa. Ko a asibitocin Turai da Amurka, cikin 10 da suka kamu, 2 zuwa 3 ba sa tashi. Na gode masa da bai ɓoye mana ba.

Maganin kansa jarrabawa ne ga uwa. Aka dakatar da ba ta komai ta baki ko ta hanci. Robar da ake ɗura nono ta koma ta zuƙo iska da ruwa daga ciki, aka ɗaura mata ƙarin ruwa ta jijiya, ana allurar kashe ƙwayoyin cuta dare da rana. Likita ya ce hanjin na bukatar hutun mako 1 zuwa 2. Ina kallonta tana motsa baki tana neman abinci, ga ƙirjina a lokacin ya cika har yana zuba, an ce kada a ba ta. Maigida kuwa kullum yana tsakanin rumfarsa da kantin magani da takarda a hannu. Ya ma fara tambayar kuɗin mota zuwa Ngaundare da na jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ko da za a ce sai tiyata.

Inna ba ta ga hikimar hana jaririya abinci ba. Ta ja ni gefe ta ce, "'Yar nan, iska ce kawai. A ɗan ba ta bauri, a kira wanzami ya yi mata tsaga a ciki, kafin gobe ya sace." Ƙauna ce ta sa ta faɗa, kuma ta raini 'ya'ya da jikoki. Na durƙusa na ce, "Inna, hanjin ne da rauni a ciki, ko ruwa ya shiga zai iya ɓarkewa." Ta yi shiru. Washegari ta dawo da kunun gyaɗa a fulas, ta zauna kusa da ni tana riƙe min kofi, don nas ta ce in ci gaba da tatsa duk bayan awa 3 kada nonon ya ƙafe.

A kwalbar da ke kusa da tamu akwai ɗan wata baiwar Allah daga wajen Gidar. Shi ma ciwon ya kama shi, amma nasa ya zo da gaggawa, tsakanin la'asar da tsakar dare cikin ya yi ja ya koma baƙi-baƙi. Allah ya karɓi abinsa kafin a shirya komai. Ni na taya ta naɗe zannuwanta.

Saboda ita nake tsawaita wannan kashin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an haifi bakwaini miliyan 13.4, amma a unguwarmu ban taɓa jin wanda ya ambaci ciwon nan ba. Nonon uwa ba ya hana shi gaba ɗaya, sai dai yana rage haɗarinsa ƙwarai a kan madarar gwangwani, don haka ko ɗigo nawa ne a tatsa a kai. Wadda kuma aka sallame ta da bakwaini, ta ga ciki ya kumbura, ko koren amai, ko jini a kashi, ko yaro ya yi sanyi yana ɗauke numfashi, kada ta jira gari ya waye.

Sannu a hankali awon telan ya fara nuna ragi, ruwan robar ya washe. Ranar da likita ya ce a gwada, 'yan ɗigo aka fara da su, na nonona zalla, kuma ya zauna. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin yadda aka fito da ita daga kwalba aka ɗaura min ita a ƙirji, da rigimar da ta tashi a gida kan wankan jego.