Yadda na daidaita ƙarfin sauti tsakanin saituttukan jitata

Na yi shekaru ina kaɗa jita a wata ƙungiya da ke wasa a wuraren biki a Kaduna, kuma mafi yawan aikina da sauti garau nake yin sa, wato wanda babu gurnani a cikinsa, inda ake jin kowace tsirkiya da muryarta. Da na daina jigilar babbar amfilifaya na koma amfani da na'urar nan ta ƙasa da ke kwaikwayon amfilifayoyi iri-iri, sai na tara saiti takwas a cikinta, wato tsare-tsaren sauti da ake ajiyewa a kira su da maɓalli, biyar na sauti garau, uku na gurnani. A wata liyafar aure, na taka maɓalli na bar saitin gurnani na koma na garau, nan take jitata ta nutse a ƙarƙashin ganguna da kibod. Mai miksa, wato mai kula da na'urar da ke haɗa sautin kayan kiɗa duka, ya ɗaga ni domin a ji ni, da na sake komawa saitin farko kuwa sai ƙara ta cika zauren har manyan baƙi suka waiwayo. Bayan an tashi ya same ni ina naɗe waya, ya ce, "Malam, don Allah ka je ka daidaita saituttukan nan, hannuna ba zai iya bin ƙafarka ba." Gaskiya ya faɗa, kuma na ji nauyin maganar ƙwarai, domin ranar farin cikin mutane ce aka ba mu amanarta.

Irin waɗannan na'urori sun fara yaɗuwa ne tun lokacin da kamfanin Line 6 ya fitar da POD a 1998, kuma aikinsu shi ne su kwaikwayi halin amfilifayoyi sanannu kamar Fender Twin Reverb da Vox AC30 da Roland JC-120, wadda ta fito a 1975 kuma ake yabon tsaftar sautinta har yau. Da yake kowace da halinta, lamba biyar a jikin mamurɗin wannan ba ta ba da ƙarfi ɗaya da lamba biyar a jikin na waccan.

Abin da na fara yi shi ne na zuba wa fitilun awo na na'urar ido, na riƙa murɗawa har sai kowane saiti ya kai fitila ɗaya idan na kaɗa da ƙarfi. Na ɗauka na gama, amma a wurin gwaji sai matsalar ta dawo yadda take. Na daɗe kafin na gane dalili. Fitilun nan ƙololuwar sauti suke nunawa, wato inda ya fi tsananta na ɗan ƙiftawar ido, alhali kunnen mutum ya fi auna matsakaicin ƙarfin da ya ɗore. Sauti garau kuwa, lokacin da yatsa ya fizgi tsirkiya yakan yi tsalle sama sosai, sannan ya sauko da sauri ya koma siriri. Shi kuma sautin gurnani an riga an aske masa wannan tsallen tun a cikin amfilifaya, don haka yana tafiya a cike tun daga farkon bugu har ƙarshensa. Idan aka daidaita ƙololuwarsu, na gurnani zai fi na garau cika kunne nesa ba kusa ba. Har a tsakanin na garau ɗin ma akwai wannan bambanci, domin saitin da na gina kan kwaikwayon AC30 yana ɗan matse bugu, na JC-120 kuma yana sakin sa yadda ya zo.

Kuskurena na biyu shi ne yin aikin da dare, da abin saurare a kunne, a hankali don kada in tashi iyali. Tun a 1933 Fletcher da Munson, masu bincike a Amurka, suka nuna cewa idan sauti ya yi ƙasa, kunne ba ya kama kaurinsa da kaifinsa kamar yadda yake kama tsakiyarsa, sai an ɗaga shi suke bayyana. Saboda haka saituttukan da na ji sun yi daidai a ɗaki, da aka sa su a manyan lasifikoki sai wannan ya yi kauri ya cushe, wancan ya yi kaifi yana sukar kunne.

Hanyar da ta fisshe ni ta ɗauke ni yini guda. Na sa lufa, wato abin da ke naɗar kiɗa yana maimaita shi, a farkon jerin matakan da sauti ke bi a cikin na'urar, kafin amfilifayar, na kaɗa wani salo mai haɗe da bugu mai taushi da mai ƙarfi, na bar shi yana zagayawa. Wannan ya fitar da hannuna daga lissafi, domin mutum ba ya iya maimaita bugu iri ɗaya sau ashirin, kuma na lura idan saiti ya yi rauni nakan ƙara ƙarfin hannu ba tare da na sani ba. Sannan na haɗa na'urar da kwamfuta na buɗe ma'aunin LUFS, wanda ya samo asali daga ƙa'idar da hukumar sadarwa ta duniya ta fitar a 2006 domin auna sauti kusan yadda kunne ke jin sa. Na yi aiki da awon da ke ɗaukar matsakaicin daƙiƙa uku.

Daga nan sai shawarar da ta fi kowace amfani a wurina: na daina ƙoƙarin ɗaga sauti garau ya kamo na gurnani. A na'urar dijital akwai rufin da ba a ƙetarawa, kuma idan tsallen bugu ya taɓa shi, abin da ke fitowa wata ƙara ce mai kama da yagewar ƙyalle, wadda ba ta da daɗi ko kaɗan. Sai na zaɓi saitin garau mafi saki, na bar masa sarari mai yawa a ƙarƙashin rufin ko da na buga iyakar ƙarfina, na mai da shi ma'auni, na sauko da sauran bakwai zuwa gare shi. Ƙarfin da aka rasa kuwa, a miksa ake mayar da shi, sau ɗaya, ga dukkansu.

Wajen saukowar ma akwai inda na taɓa yin tuntuɓe. Mamurɗin gen, mai ƙara ƙarfin sauti a mashigar amfilifaya, da na masta, mai ƙara shi a mafitarta, suna cikin halin amfilifayar da ake kwaikwaya, taɓa su yana canza muryar kanta, kuma na taɓa lalata wani saiti da nake ƙauna ta wannan hanya, ya fara gurnani a inda nake son sa garau. Wanda ya kamata a taɓa shi ne na ƙarfin fita da ke ƙarshen jerin, domin shi ƙarfi kawai yake ƙarawa ko ragewa. Kwamfuresa kuma tana taimakawa, tunda tana rage tsallen bugu ta ba da damar ɗaga abin da ya biyo baya, amma ni kaɗan nake sa ta. Daɗin sauti garau yana cikin bambancin da ke tsakanin shafa tsirkiya da fizgarta, kuma ba na yarda in sayar da wannan don lambobi su yi daidai. Na kuma yanke kaurin da ke ƙasa da hatz 100 a ma'aunin kauri da kaifin sauti, wanda wurin mai jitar bes ne, sai na ji jitar ta fito fili ba tare da na ƙara mata komai ba.

Ma'auni ya kai ni kusa, sauran aikin kuwa a wurin gwaji muka yi shi, da cikakkiyar ƙungiya, da ƙarfin da muke wasa da shi a gaban jama'a. Na miƙa wa mai miksa hukunci, ya tsaya a tsakiyar zauren ina taka saiti ɗaya bayan ɗaya yana nuna mini sama ko ƙasa da yatsa. Saiti biyu masu taushin murya sun buƙaci ƙarin desibel ɗaya ko biyu a ma'aunin ƙarfin sauti duk da awonsu ya yi daidai da na sauran, domin kibod yana cinye su. Saitin da nake kaɗawa da shi idan an bar mini fili ni kaɗai na ɗora masa desibel uku da gangan. Tun da jitata ta biyu tana da maganaɗisun ɗaukar sautin tsirkiya masu ƙarfin fitarwa fiye da ta farko, na yi mata nata saituttukan dabam, kuma duk saitin da na ƙirƙira yanzu sai ya bi ta lufa da ma'auni da kunnen mai miksa kafin in fita da shi wurin biki.